Rufin ɗaki ba azara ba kwano

Salamu alaikum ƴan uwa. Wanda zai yi ɗaki bana, kafin ka sayi azara da kwano, nemi maginin da ya iya rufin tubali zalla, wanda ake kira gini ba itace.

Haka na yi nawa a nan Tahoua.

Ana jera ƙananan tubalan laka a karkace, kowane layi ya jingina da na bayansa, har rufin ya haɗe kamar baka. Dabarar daga kudancin Masar ta fito, ana koyar da ita a Nijar tun shekarun 1980.

Kuɗin azarar giginya da ake ɗaukowa tun daga Gaya sun zauna maka a aljihu. Gara ba ta da abin ci. Amma abin da ya fi faranta mini rai shi ne sanyin ɗakin. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana, nan kuwa yara har barci suke yi, don laka mai kauri ba ta saurin ɗaukar zafi.

Ka kula fa, rufin yana tura bango waje. Bangon ya yi kauri sosai, faɗin ɗakin kar ya wuce wajen mita 3.

Kar ka fara da damina. Kar ka gina a kwari inda ruwa ke kwanciya.

Kowace shekara, kafin ruwan farko, hau sama ka toshe tsaga, ka sabunta yaɓe, ka share indararo. In ka san ba za ka iya wannan ba, don Allah sa kwanonka.