Yadda za ka cire bakin kaska da ya maƙale a fata

Wanda ke kiwo ko wanka wa ragon layya ya san kaska. Ka fizge ta da gaggawa, jikin ya fito, sai ka ga ɗan baƙin ɗigo kamar tsinin ƙaya ya rage a ciki. Bakinta ne ya karye. Kada hankalinka ya tashi.

1. Wanke hannunka da wurin da sabulu da ruwa mai tsabta.

2. Ɗauko matsefata mai siririn baki, irin ta cire ƙaya, ka goge ta da sifirit ko ka tafasa ta. Ka zauna inda haske yake sosai. Idan a baya ne ko ƙeya, ka sa wani ya yi maka.

3. Kama ɗigon dab da fata, ka ja sama a hankali, a miƙe. Ban da murɗawa.

4. Idan ya ƙi fitowa, ƙyale shi. Nan ne mutane ke ɓata lamari, su yi ta tono da reza ko allura har wurin ya zama gyambo. Fata da kanta za ta turo shi waje cikin 'yan kwanaki, kamar yadda take yi da ƙaya. Don Allah kada a zuba kananzir, kada a ɗana wuta.

5. Sake wankewa, ka shafa sifirit ko aidin.

Ka riƙe ranar da ta cije ka. Idan zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani ko ƙuraje suka biyo baya, ko wurin ya kumbura yana ruwa, ka je asibiti ka faɗa musu kaska ce. Kaskar shanu na iya ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kwango mai sa zubar jini, wanda kan bayyana cikin kwana 1 zuwa 9.