Yadda Ake Gane Buluberi na Daji a Arewacin Amurka

Buluberi na daji tsiro ne na ƙasashen sanyi mai ƙananan 'ya'ya shuɗɗa da ake ci, kuma an fi samunsa a jihar Maine ta Amurka da lardunan Kebek da Nova Scotia na Kanada. Mai nemansa ya fara da duba wurin, domin ya fi son ƙasa mai tsami, mai rairayi ko duwatsu, inda rana ke shiga sosai, musamman filin da gobara ta taɓa ci ko aka sare itatuwansa.

Akwai gajeren nau'i da dogo. Gajeren, wanda masana ke kira Vaccinium angustifolium, bai cika wuce santimita 60 ba, kuma yakan yaɗu ta ƙarƙashin ƙasa har ya mamaye fili, dogon kuwa, mai son bakin fadama, yakan kai mita 2 zuwa 4. Dukansu rassansu na itace ne marasa ƙaya, ganyayensu ƙanana suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ba sa fuskantar juna. A watan Mayu ko Yuni sukan fitar da fararen furanni masu siffar ƙararrawa, 'ya'yan kuma su nuna daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta.

A ganina, alamar da ta fi muhimmanci tana jikin ɗan itacen. A juya shi a dubi ƙarshensa da ke nesa da reshe, za a ga ɗan kambi mai tsini biyar, irin wanda ake gani a ƙasan gwaba. Fatarsa shuɗiya ce mai farin toka-toka wanda ke gogewa da yatsa, idan kuma aka fasa shi, cikinsa fari ne mai ɗan kore, ƙwayayensa ƙanana masu laushi. In aka ji ƙwayaye 10 masu tauri a haƙori, ɗan'uwansa ne hakulberi, shi ma ana cinsa.

Launi kaɗai ba hujja ba ne, kuma a nan hatsarin yake. Wata shuka da masana ke kira Phytolacca americana tana da guba, ana gane ta da jan kara mai laushi da 'ya'ya baƙaƙe masu saukowa a dogon zangarniya, ba su da kambi. Haka nan a guji shuɗɗan 'ya'ya a jikin tsiro mai hawa bishiya da ganye mai yatsu biyar. Idan alama ɗaya ta saɓa, kada a kai shi baki, kuma kada a bar yara su tsinka sai babba ya duba.