Yadda Ake Sauya Fasalin Kan Keke Ya Dace Da Mahayinsa

Idan mai keke ya zo yana kukan ciwon tsintsiyar hannu, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa bayan tafiyar rabin awa, ko wuya da kafaɗa sun riƙe, yawanci kan keken ne bai dace da jikinsa ba. Akwai jijiyar da ke bi ta gefen tafin hannu, ita ake dannewa idan nauyin jiki ya taru a hannu. Gyaran a awo yake, da juyawa, da yankewa, da sauya ƙarfe.

Fara da sirdi. Sirdin da hancinsa ya sunkuya yana zamar da mutum gaba, nauyi ya koma hannu, kuma babu kan da zai magance wannan. Daidaita shi ya kwanta sosai, sannan mahayin ya hau, wani ya riƙe masa keken. Gwiwar hannu ta ɗan lanƙwashe, kafaɗa ta saki, tsintsiyar hannu ta miƙe ba karyewa. Sau da yawa a sassauta notin da ya kama tsakiyar kan, a juyo shi baya kaɗan, ciwon ya tafi ba a sayi komai ba. Hannun birki ma a sunkuyar da shi yadda yatsu za su same shi ba sai an ɗaga tsintsiya ba.

In hakan bai isa ba, sai tsayi. Wuyan keke, wato ƙarfen da ke haɗa kai da bututun gaba, iri biyu ne. Tsohon iri yana shiga cikin bututun gaba, da dogon noti ɗaya a sama wanda ke jan wani guntun ƙarfe mai gicciye a ƙasa ya cije bututun. Kwance notin da sifana ko alanki mai lamba 6 har ya ɗago kamar milimita 5, ka ɗora katako a kansa ka buga, guntun ƙarfen zai saki. A jikin wuyan akwai layin da masana'anta suka zana. Kada layin nan ya fito waje. Idan ya fito, abin da ya rage a ciki bai isa ya ɗauki nauyi ba, wuyan na iya karyewa ko ya tsaga bututun a daidai wurin zare. Shafa giris kafin ka mayar, domin wuyan da damina ta shiga, tsatsa kan liƙe shi har sai an sha wahala.

Wuya na zamani kuwa rungumar bututun yake yi daga waje da noti biyu a gefe, da murfi a sama. Ana ɗaga shi ta hanyar mayar da zobban da ke samansa zuwa ƙasansa, ko a kife shi ya kalli sama. Bakin bututun ya zauna milimita 2 zuwa 3 ƙasa da bakin wuyan. A fara ɗaure notin murfi har kai ya daina ƙwas-ƙwas amma yana juyawa a sake, sannan a ɗaure na gefe. Wanda ya fara da na gefe, komai ɗaurin murfi, girgizar na nan.

Kekunan nan masu birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix da ake dakon kaya da su, nasu daban ne. Kai da wuya da hannun birki duk a haɗe suke, tsayi kawai ake iya taɓawa. Duk sanda ka ɗaga kan, dole ka sassauta notin sandar birki ka sake daidaita tsawonta, in ba haka ba birki ya kama taya ko ya ƙi ci gaba ɗaya.

Kafin ka sayi sabon kai, auna kauri, nan ne aka fi yin asara. Tsakiyar kai, inda wuya ke kamawa, milimita 25.4 ne a yawancin kekunan gari da tsofaffi, 26.0 a tsofaffin kekunan tsere, 31.8 a yawancin sababbi, 35 a wasu na hawan dutse. Ba ka da ma'aunin kauri? Naɗa siririyar takarda a wurin, ka yi alama, ka auna da rula. Kusan milimita 80 na nufin 25.4, kusan 100 na nufin 31.8. Siririn kai yana zama a faffaɗan wuya idan an sa zoben cikewa da aka ƙera don haka. Guntun gwangwani ba zai cike tazarar milimita shida ba, zai zame ranar da aka taka birki da ƙarfi. Wurin mariƙi kuma milimita 22.2 ne a miƙaƙƙen kai da mai lanƙwasa baya, amma 23.8 ne a kan tsere mai lanƙwasa ƙasa, saboda haka hannun birki da na giya na wannan ba sa shiga wancan.

Siffar kai tana sauya zaman mutum. Mai dawowa baya yana miƙar da gadon baya, ya sauke nauyi daga hannu, ya fi dacewa da dattijo da mai zirga-zirgar gari, sai dai nauyin kan koma sirdi, gaban keken kuma ya yi sakayau a hawan tudu. Faffaɗan kai yana ba da ƙarfin juyi ga mai ɗora kaya a gaba ko mai bin yashi, amma yana janyo ƙirji gaba, don haka akan haɗa shi da gajeren wuya. Kekunan hawan dutse na gwanjo sukan zo da kai mai faɗin milimita 720 ko fiye, wanda ya yi wa mai ratsa cunkoso yawa. A gari, abin da ya ɗan ɗara faɗin kafaɗa ya wadatar.

Kada ka yi gaggawar yanka. Matsar da mariƙi da hannun birki ciki, mahayin ya yi kwana biyu a haka. In ya gamsu, auna daga kowane baki, ka naɗa tef a matsayin alama, ka yanke milimita 10 a kowane gefe da zarton ƙarfe mai ƙananan haƙora, ka goge bakin da magagari. Tabbatar miƙaƙƙen wurin da ya rage zai ɗauki mariƙi da birki da giya kafin lanƙwasa ta fara.

Abin da ake hanawa ƙwarai shi ne zura bututu a lanƙwasa kai, ko huda shi, ko kai shi wurin mai walda. Alminiyom da ya lanƙwashe aka miƙar da shi ya riga ya raunana, zafin walda kuma yana kashe ƙarfin da aka gasa masa a masana'anta. Ba ya gargaɗi, ɓallewa yake yi lokaci ɗaya. Kan da ya lanƙwashe a faɗuwa, ko aka ga tsaga kusa da wuya, a sauya shi.

Wajen haɗawa, sa kan a tsakiya daidai. Idan notin fuskar wuya huɗu ne, ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, tazarar sama da ta ƙasa su zo ɗaya. Yawanci 5 Nm ko 6 Nm, wato awon ƙarfin ɗaurin noti, ake rubutawa a jikin wuyan, ɗaurin ɗan gajeren alanki ne, ba a ƙara masa bututu. Kan da aka ɗaga ko aka faɗaɗa yana bukatar doguwar wayar birki. Juya kan har ƙarshe dama da hagu. In waya ta ɗame ko birki ya kama da kansa, sauya waya da rigarta. Mariƙin roba a zura shi da ɗan ruwa ko sifirit, ban da mai ko giris, a bar shi ya bushe, a toshe bakin bututun da murfinsa don kada ya huda mutum a faɗuwa.

Kafin keken ya bar wurinka, matse tayar gaba tsakanin gwiwoyinka ka murɗa kan da ƙarfi, sannan ka danna mariƙi biyu ƙasa da nauyin jikinka. Kama birkin gaba ka tura keken gaba da baya, yatsanka a mahaɗar wuya. In wani abu ya motsa ko ya yi ƙara, kwance ka sake ɗaurewa daga murfi.