Yadda za ka kai yara Owabi su ga inda Kumasi ta fara shan ruwan famfo

Owabi gandun daji ne mai dam a ciki, a wajen garin Kumasi. In kana Aboabo ko Asawase ne, sammako za ka yi ka nemi trotro mai bin hanyar Abuakwa, ka ce da yaron mota Akropong za ka sauka, daga nan tasi zai ƙarasa da ku. Kar ka bari rana ta take, tsuntsaye da birai da sassafe suke fitowa, in ka makara sai dai ka ji motsinsu a cikin ganye kawai.

Da kun isa ku nemi jami'in gandun daji ya zagaya da ku, banda kutsawa ku kaɗai. Ka ce ya fara kai ku bakin dam ɗin, don wallahi nan tarihin yake. A 1928 Turawan mulkin mallaka suka tare kogin Owabi, shekara da shekaru shi ke shayar da garin nan kafin a zo a gina na Barekese, kuma dajin da ke kewaye an bar shi ne don ya kare ruwan, shi ya sa za ka ga bishiyoyi har bakin gaɓa. A 1988 aka sa wurin cikin jerin Ramsar, wato jerin wuraren dausayi masu muhimmanci a duniya.

Ku nuna wa yaran robobi da ledojin fiya wata da ruwa ke kwasowa daga cikin gari, abin ba daɗin gani amma gara su gani. Ku sa takalmi sau-ciki saboda tururuwa, ku riƙe buta da tabarmar sallah, azahar na iya riskarku a can.