Ga masu renon yara a nan Damagaram

'Yan uwa mata masu riƙon yara, in an kawo muku yaron da ba ya ji, don Allah kada ku mayar da shi gida. Haƙƙinsa ne, tun 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan naƙasassu.

Ku zaunar da shi gaba, inda zai ga fuskarku sosai, domin bakinku da hannuwanku yake bi. Kada a yi masa magana ta baya, a taɓa kafaɗarsa tukuna. Ku tambayi mahaifiyarsa alamun da suke yi a gida na ruwa, fitsari da ciwo, ku koya wa sauran yaran, wajen wasa nan da nan suke ɗauka. Kuma ku hana su ce masa bebe, a kira shi da sunansa na yanka.