Idan jirgin ruwa zai ɗauke ka a wata ƙasa ya sauke ka a wata

Bayan na ajiye aiki, babban ɗanmu ya biya mana, ni da Hajiya, mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa a Bahar Rum. Jirgin zai ɗauke mu a Barselona ta ƙasar Sifaniya, ya sauke mu a Cibitabekiya, tashar ruwan da ke kusa da birnin Roma. Wato inda muka shiga ba nan za mu fito ba. Tikitin jirgin sama na zuwa da dawowa irin wanda muka saba yanka in za mu Umara bai yi mana ba, sai muka sayi biyu daban: na zuwa Barselona, da na tashi daga Roma, kowanne da kamfaninsa.

Kafin ka yi haka, ka ce wa ejan ya duba maka tikiti guda wanda zai sauke ka a gari ɗaya ya ɗauko ka daga wani. Sau da yawa ya fi arha. Mu dai ranakun ne ba su dace ba. Kada kuma wani ya yaudare ka da dabarar sayen na zuwa da dawowa ka tsallake na farko. Da zarar ba ka hau na farko ba, kamfani zai soke sauran.

Inda aka kusa hana mu tafiya shi ne wurin auna kaya a Abuja. Yarinyar da ke kanta ta duba kwamfuta, ta ɗago ta ce, "Baba, ina tikitin dawowarku?" A wurinta zuwa kawai take gani. Ba laifinta ba ne, domin in aka hana fasinja shiga ƙasa, kamfanin da ya kawo shi zai maido shi, wani lokacin har da tara. Na laluba waya in nuna mata, intanet ta ƙi. Hajiya ce ta zuge jakarta ta fito da farar leda, irin wadda take ajiye takardun gida: takardar jirgin ruwa mai jerin tashoshi da ranaku, tikitin Roma, takardar otal, da inshora. Tun muna Ƙofar Ƙaura a Katsina ta sa aka buga su, ina ta yi mata tsiya wai zamani ya wuce nan. Ka buga naka, kofi biyu, ka jera su yadda tafiyar za ta kasance, yadda mai dubawa zai ga shigarka da fitarka ba sai ka yi dogon bayani ba.

Sai biza. Ta Shengen, wato yankin ƙasashen Turai masu biza ɗaya wanda Sifaniya da Italiya ke ciki, tana ba da kwana 90 cikin 180, kuma suna neman inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. Abin da mutane ke mantawa shi ne jerin tashoshin. In jirgin zai tsaya a Tunis ko wata tasha ta Turkiyya, ka fita daga yankin ke nan, don haka mai shiga sau ɗaya ba za ta wadatar ba. Ka nemi mai shiga da yawa, ka haɗa takardar jirgin ruwan a cikin takardun nema. Fasfo ya kasance da sauran wata shida ko fiye, katin allurar shawara kuma ya shiga ledar.

Tikiti daban-daban ba su san juna ba. In na farko ya makara, na biyu ba ruwansa, jirgin ruwa kuwa ba ya jiran kowa. Mun sauka Barselona ana gobe tafiya, muka kwana a otal, kuɗin bai yi mini ciwo ba. Haka ma a gida: kada ka dogara da jirgin safe daga filin Umaru Musa 'Yar'aduwa ko na Kano ranar da za ka bar ƙasa. Ka kwana a Abuja.

Ka kuma lura da inda za ka yada zango. In tikiti guda ne, kayanka za su wuce da kansu. In biyu ne, sai ka fita ka karɓi akwati ka sake aunawa, kuma fitar nan tana iya buƙatar bizar ƙasar.

Ranar sauka, da safe ake fitar da mutane rukuni-rukuni, ga layin kaya, ga tafiyar wajen awa guda a mota zuwa filin jirgin Fiyumicino. Kada ka yanki tikitin da zai tashi kafin azahar. Namu na dare ne, har muka samu muka yi salla a babban masallacin Roma, muka ci abinci, sannan muka nufi filin jirgi.