Kurakuran da ke sa ana cin ka a Football Manager alhali ƙungiyarka ta fi ƙarfi

Yawancin masu kukan wai gem ɗin nan na zama kocin ƙungiyar ƙwallo yana cuta, wai kwamfuta ta riga ta rubuta sakamako tun kafin a take leda, in ka leƙa taktik ɗinsu za ka ga da hannunsu suka ba da wasan. Kuma kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne canza fomeshon duk wasa da sunan ana maganin abokin karawa. Yau 4-3-3, jibi za a haɗu da Liverpool sai a koma 5-3-2, asabar kuma 4-2-3-1 saboda an ga wani a YouTube ya ci kofi da ita. Toh malam a gem ɗin akwai ma'aunin sabo da taktik, duk sanda ka kawo tsarin da yaranka ba su yi tirenin da shi ba ma'aunin nan ƙasa yake yi, sai ka ga fasin yana ɓacewa, difenda ya tsaya inda ba wurinsa ba. Gurbin taktik uku aka ba ka, ka cika su tun kafin a fara kaka, babba ɗaya da biyu masu kama da ita, a riƙa tirenin da su.

Ko a ƙwallon gaske ma haka ne. Wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai a 2021 Guardiola, kocin Manchester City a lokacin, ya fito ba Rodri ba Fernandinho, wato ba lamba shida na asali, Chelsea ta ci 1-0 ta ƙafar Havertz. Wani zai ce ai Conte ya canza Chelsea zuwa 3-4-3 a 2016 bayan Arsenal ta yi masa 3-0 kuma ya ɗau Firimiya, gaskiya ne, amma sau ɗaya ya canza ya zauna a kai har ya ci wasa 13 a jere.

Abin da ya kamata ka yi kafin wasa bai wuce ka buɗe rahoton da masu leƙen asirinka suka kawo ka ƙirga 'yan tsakiya ba. Nan mutane da yawa ke faɗuwa. Kana 4-4-2 shi yana 4-3-3, kenan biyu ne naka a tsakiya nasa uku, kullum akwai mutum ɗaya nasa da yake sake ba mai riƙe shi, shi ne zai yi ta raba ƙwallo yadda ya ga dama. Ba sai ka rushe komai ba, ka janyo sitiraika ɗaya baya ya zama lamba goma ya zauna kan lamba shidansu, shi kenan an yi daidai. In suna buga uku a baya da 'yan gefe masu hawa, filin yana bayan 'yan gefen nan ne, ka bar winga ɗinka su tsaya can sama a buɗe, da an ƙwace ƙwallo a cilla musu. In kuma masu cunkushe tsakiya ne irin 4-1-2-1-2, kar ka je kana kokawa da su a tsakiyar, gefensu a buɗe yake, lamba biyu da lamba ukunka su hau su yi ta kuros.

Sai maganar gegenfires, wato taktik ɗin matsa wa abokin karawa nan take da an rasa ƙwallo, wadda kowa ke saukewa daga intanet ya ɗora wa kowace ƙungiya. Tana aiki fa, ba a musu, amma da wa? Ka tura layin baya har kusan tsakiyar fili alhali difenda ɗinka saurinsa 10 ne cikin 20, ɗan gabansu kuma 17, ai doguwar ƙwallo ɗaya ce ta wuce kansa sai gola. Ka duba saurin 'yan bayanka ka kwatanta da na 'yan gabansu duk wasa, in sun fi ka sauri ka sauke layin mataki ɗaya kawai, sauran ka bar shi yadda yake. Kuma in juriyar 'yan tsakiyarka ba ta kai ba, zuwa minti 60 duk sun yi laushi, ga wasa duk bayan kwana uku, ga rauni, dole ka rage matsin ko ka riƙa juya 'yan wasa.

Ƙaramar ƙungiya ta zo ta tare gida da mutum goma, minti 30 ba ci, sai hankali ya tashi a danna mentaliti, wato ma'aunin yadda ƙungiya ke karkata ga tsaro ko kai hari, zuwa ƙarshen atakin. Wannan shi suke jira wallahi. Mentaliti mai zafi yana sa yaranka gaggawa da kasada, su yi ta harbi daga nesa, ka tashi da shot ashirin ba ko ɗaya mai haɗari, su kuma kanta-atak ɗaya su ci ka. Ka duba xG, wato lambar da ke auna ingancin damar cin ƙwallo da kuka samu, a hutun rabin lokaci, in shot da yawa amma lambar ƙarama ce to harbin banza kuke yi. Ka faɗaɗa fili, ka rage saurin wasa, ka kunna umarnin a shigar da ƙwallo cikin yadi na 18 kafin a harba, sannan ka gyara bugun kwana, dogon difenda mai kai ya je sandar kusa, irin wasannin nan sau da yawa kwana ce ke buɗe su.

Umarnin da ake sawa kan 'yan wasan abokin karawa ma ana wuce gona da iri, mutum ya bi duka goma sha ɗaya ya sa a matse kowa a taka kowa, sai tsarinsa ya watse kowa ya bar wurinsa yana bin mutum. Biyu ko uku sun isa. Mai raba ƙwallonsu a matsa masa, winga mai ƙafar hagu da ke shigowa ciki daga dama a tura shi kan ƙafarsa ta dama. Winga mai gudu kuwa kar ka ce a manne masa, juyi ɗaya zai yi ya bar naka a baya. Ɗan wasanka kuma da ya riga ya karɓi katin gargaɗi ka cire masa umarnin taka da ƙarfi ko ka cire shi gaba ɗaya, canji biyar gare ka.

Kana ci 1-0 minti 60 sai ka koma tsaron gida zalla wai kai Mourinho. Shi da ya kai Inter Milan Camp Nou, gidan Barcelona, a 2010, da nasarar 3-1 ya je daga wasan farko, an kori ɗan wasansa Thiago Motta tun a rabin farko, ga Lucio ga Samuel ga Zanetti ga Cambiasso, kuma duk da haka sai da Barcelona ta ci ɗaya. Kai da 'yan bayanka na rukuni na biyu minti talatin na ruwan kuros ba za ku iya ba. Ka sauke mentaliti mataki ɗaya, ka sa sabon jini a tsakiya, ka bar mai gudu ɗaya a gaba don 'yan bayansu su ji tsoron hawa, ɓata lokaci da rufe gida gaba ɗaya kuma ka bari sai minti 85 ya wuce.